Garin da Teku Yake Ci: Darasi Daga Ayetoro Ga Mai Shirin Gini

 Ga kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, hunturu ya fara busawa. Yanzu ne lokacin gini. A ƙauyukan da muka zaga kwanan nan mun tarar ana kwaɓa ƙasa, ana shanya tubali, samari masu shirin aure suna neman kuɗin kwano da katako. Waɗansu ƙungiyoyinmu kuma suna shawarar gina sito, ko ƙara aji a makaranta. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu ɗan ajiye maganar taki da iri, mu yi ta gini.

Za mu fara da labarin wani gari na bakin teku. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma mutanen garin nan masu bi ne, kuma da aikin gama kai suka gina shi, kamar yadda mu ma muke ƙoƙari.

YADDA AKA KAFA AYETORO

Ayetoro yana cikin ƙaramar hukumar Ilaje, a Jihar Ondo. Mutanen Ilaje reshe ne na Yarbawa, sana'arsu kamun kifi. A 1947 wata jama'ar Kirista daga cikinsu, da ake kira Manzanni Masu Tsarki, suka sami saɓani da manyan ƙasarsu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wa'azin da suke yi cewa a daina kashe tagwaye. Da tsanani ya yi yawa, sai suka tashi suka koma wani tsiri na laka tsakanin teku da fadama, wurin da ba mai so. Nan suka kafa gari, suka sa masa suna Ayetoro, watau duniya ta kwanta.

Wurin ba dutse, ba jigawa, sai laka mai nutsewa. Suka kakkafa ginshiƙan itace, suka ɗora gidajen katako a kai, suka shimfiɗa hanyoyin katako a miƙe tsakanin gidaje. Daga 1948 suka haɗa dukiyarsu wuri ɗaya, irin zaman da ke tuna mana da ekklesiyar farko a Ayyukan Manzanni sura 2 da ta 4. Kowa yana aiki a sashen da aka sa shi ba albashi, jama'a kuwa ta ɗauki nauyin cinsa da suturarsa da wurin kwanansa. Akwai sashen kamun kifi, da na gasa burodi, da ɗinki, da takalma, da kafinta, da ƙera jiragen ruwa. Da hannu suka haƙa hanyar ruwa mai tsawon mil da yawa domin jiragensu su riƙa kai kifi kasuwa. Tun cikin shekarun 1950 suka sa wa garinsu wutar lantarki, sa'ad da manyan garuruwa da yawa a Nijeriya suke kwana da fitilar ƙwai. Suka buɗe makarantar koyon sana'a. Wani masani ɗan Kanada, Stanley Barrett, ya zauna cikinsu, ya fitar da littafi a kansu a 1977, inda ya nuna yadda arzikinsu ya zarce na ƙauyukan da ke kewaye.

Ba mu ce mun yarda da dukan koyarwarsu ba. Zaman tarayyar ma ya fara sassautawa daga ƙarshen shekarun 1960, aka bar kowa ya nemi na kansa. Amma duk ɗan ƙungiya da ya san wuyar tara mutum ashirin ranar gayya zai girmama abin da masuntan nan suka yi.

ABIN DA TEKU YA YI

Nijeriya tana da bakin teku mai tsawon kilomita 853. Yawancinsa rairayi ne, amma na ƙasar Ilaje laka ce. Rairayi in igiyar ruwa ta kwashe shi takan mayar da wani, laka kuwa narkewa take yi ta bi ruwa. Tun cikin shekarun 1980 masana suka auna a Awoye, a kan gaɓar nan, suka ga teku yana cin mita 20 zuwa 30 kowace shekara. Watau gona mai tsawon mita 100 za ta ƙare cikin shekara huɗu ko biyar.

Daga shekarun 2000 abin ya yi tsanani a Ayetoro. Teku yakan tumbatsa, wani lokaci da tsakar dare, ya share layin gidaje. Gidaje ɗaruruwa sun tafi, tare da shaguna da wuraren aiki. An ɗaga makaranta daga wurinta fiye da sau ɗaya. Iyalai da yawa sun watse zuwa waɗansu garuruwa. An ba da kwangilar katangar tare teku a 2004, aka sake ba da wata ta biliyoyin naira a 2009. A 2024 mutanen garin suka fito zanga-zangar lumana, suna kuka cewa fiye da rabin garinsu yana ƙarƙashin ruwa, katangar kuwa ba ta tsaya ba.

ME YA SA TEKU YAKE CIN ƘASA?

Dalilai huɗu ne manya, a Ayetoro da sauran gaɓar Afirka ta Yamma.

Na fari, ruwan teku yana tasowa. Duniya tana ƙara zafi saboda hayaƙin man fetur da kwal da gas da ake ƙonawa, da dazuzzukan da ake sarewa. Zafin yana narkar da ƙanƙarar da ke kan manyan duwatsu da ƙurewar arewa da kudancin duniya, ruwa kuma in ya ɗumama yakan kumbura. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya tashi da santimita 20, kusan inci 8. Watakila wani ya ce ai taƙi ɗaya ne kurum. To, wanda ya taɓa ban ruwa a shimfiɗaɗɗiyar fadama ya san iyakar inda ƙarin taƙi ɗaya yake kaiwa.

Na biyu, itatuwan da ke tsare gaɓa suna ƙarewa. Akwai wani itace mai tsirowa cikin ruwan gishiri, ana ce da shi mangurof. Saiwoyinsa a waje suke, a sarƙe kamar ragar masunci. Su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa, su riƙe laka, ƙananan kifaye kuma a cikinsu suke girma. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan daji. Amma ana sare shi domin girki da bandar kifi da ginshiƙan gini, malalar ɗanyen mai kuma tana kashe shi.

Na uku, an tare yashi, ko an kwashe shi. A gaɓarmu igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas kullum, abin da ya tafi yau wani ya maye gurbinsa gobe. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina dogayen katangun dutse a mashigin tashar jiragen ruwa ta Ikko, watau Legas, domin kada yashi ya toshe hanyar jirage. Jirage sun sami hanya. Amma yashin ya taru a yamma da katangun, bakin tekun da ke gabas ya rasa mai ciyar da shi, teku ya ci shi fiye da kilomita ɗaya. Shekara da shekaru gwamnati ta yi ta zuba sabon yashi, teku yana kwashewa. Koguna ma su ne ke kai yashi teku, madatsar ruwa kuwa takan riƙe shi. Bayan an gama madatsar Akosombo a kan kogin Bolta a Ghana a 1965, zaizaya ta ƙaru a garin Keta, har sai da aka yi masa katanga mai tsada. Ga kuma masu ɗiban yashin gini, waɗanda ba sa hutawa.

Na huɗu, hanyoyin ruwa da aka haƙa ba tare da an duba ƙarshensu ba. A 2003 kogi ya cika yana neman cinye birnin San Luwi a Senegal. Hukuma ta sa aka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 cikin tsirin rairayin da ya raba kogin da teku, domin ruwa ya fita. Birnin ya tsira a shekarar. Amma hanyar ta yi ta buɗewa har ta kai kilomita da yawa, teku ya shigo ta nan ya cinye ƙauye, gishiri ya lalata lambuna. A ƙasar Ilaje ma hanyoyin da aka haƙa sun shigo da ruwan gishiri cikin fadama, ciyawa da itatuwa suka mutu, laka ta zauna tsirara. Mutanen Ayetoro kuma suna ɗora alhaki mai yawa a kan aikin haƙar mai da ake yi a tekun da ke gabansu.

Ku lura, waɗanda suka gina katangun Ikko da madatsar Akosombo, da waɗanda suka yanka hanyar San Luwi, duk alheri suka nufa. Sun duba bukatar wurin da suke tsaye, ba su tambayi abin da zai sami maƙwabci na gangare ba.

Akwai kuma labari mai daɗi. A yankin Kasamans na Senegal, daga 2006, mutanen ƙauyuka maza da mata da yara suka riƙa shiga laka in ruwa ya janye, suna dasa 'ya'yan mangurof da hannu. Sun dasa miliyoyi. Ba injin, aikin haɗin kai ne irin gayyarmu.

INA RUWANMU DA WANNAN?

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu da teku, amma da yawanmu muna zaune a gaɓar Binuwai da Gongola da Kaduna da Neja, ko a bakin wani rafi. A ambaliyar 2012 mutum 363 suka mutu a Nijeriya, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A ta 2022 fiye da mutum 600 suka mutu. A watan Mayu na 2025 ruwa ya share unguwanni a Mokwa ta Jihar Neja, fiye da mutum 150 suka rasu.

In muka duba ƙauyukanmu za mu ga 'yan'uwan dalilan nan. Ruwan sama yana saukowa da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Mun sare itatuwan bakin rafi, mun yi noma har leɓen gaɓa. Tifa tana ɗiban yashi a gindin gada. Wani ya yanka lambatu domin ya kori ruwa daga ƙofarsa, bayan damina uku ya zama kwazazzabo a gonar maƙwabci.

Dukanmu mun san misalin magina biyu a Matiyu 7:24-27. Ubangiji yana magana ne a kan jin maganarsa da aikata ta, amma ya ɗauko misalin daga abin da kowane magini ya sani, watau gini yana farawa daga zaɓen wuri. A Farawa 2:15 kuma aikin da aka ba Adamu a gona biyu ne, noma da tsaro. Mun riƙe na farin da kyau. Ga shawarwari shida a kan na biyun.

1. Wuri. Kafin a ja igiya, a tambayi dattawa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. A duba tabon da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka bari a jikin itatuwa da bangaye, a yi gini sama da nan. Kada a gina a fadama ko a tsohuwar hanyar ruwa, ko da ta yi shekara ashirin a bushe. In fili ya yi araha ƙwarai, a je a gan shi cikin watan Agusta kafin a biya.

2. Bakin rafi. A bar taki goma ko fiye daga gaɓa ba noma, ba gini. A dasa jema da gamba da gora, a bar giyayya da kanya da ɗinya su tsaya. Saiwar jema tana nutsewa ƙasa sosai ta ɗaure gaɓa. Wannan shi ne mangurof namu. Ba asara ba ce, gama daga nan za a sami zana da jinka da sandunan gini.

3. Yashi da ramin ƙasa. Unguwa ta yarda a kan kududdufi ɗaya, nesa da gidaje da hanya, a kwantar da gefensa, a kewaye shi da ƙaya saboda yara. Ƙasar sama ta noma ce, a ture ta gefe a kai gona, a yi gini da ta ƙarƙashi. Kada a ɗebi yashi a gindin gaɓa ko kusa da gada da kwalbati. Mutum ɗaya ba zai iya tsayar da mai tifa ba, amma ƙungiya tare da dagaci za su iya nuna masa inda zai ɗiba.

4. Itace. Azara ta yi tsada domin giginya tana ƙarewa. Giginya takan yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara, mu kuwa muna haƙe muruci, ba ma barin waɗanda za su gaji iyayensu. Duk mai binne ƙwallon giginya ya bar waɗansu su tashi. Kowace ƙungiya ta ware fili ta dasa dalbejiya da malaina domin sandunan rufi. In za a dasa turare, a nisanta shi daga rijiya da gona, domin yana shan ruwa da yawa. A tuna kuma, jan bulo da ake gasawa yana cin itace ainun.

5. Tubali. Siminti yana da amfaninsa, amma yana da tsada, yana cin yashi, kuma yinsa yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Akwai hanyar tsakiya. Wani ƙaramin injin hannu mai suna CINVA-Ram, wanda aka ƙirƙira a ƙasar Kolombiya cikin shekarun 1950, yana matse ƙasa ta zama bulo mai ƙarfi. Ana haɗa kwano 1 na siminti da kwano 15 zuwa 20 na tankaɗaɗɗiyar ƙasa, a yayyafa ruwa kaɗan, a matse. A jera a inuwa, a rufe da ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa har mako guda, sa'an nan a jira mako huɗu su cika kafin a yi gini da su. Ga yadda za a gwada ƙasa: a zuba ta cikin kwalba zuwa sulusi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, yumɓu a sama. In yashi ya fi rabi, yumɓu kuma bai wuce rubu'i ba, ƙasar ta yi. Baƙar ƙasa mai tsagewa da rani ba ta yi ba. Injin ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, amma ƙungiya za ta iya saye ta riƙa ba da haya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Tsare bango daga ruwa. Abin da ke kashe ginin ƙasa shi ne ruwa daga sama da danshi daga ƙasa. A yi harsashi da dutse, a ɗaga shi ƙafa ɗaya da rabi bisa ƙasa. Bakin rufi ya fito ƙafa biyu daga bango. In soro ne, a sa dogon indararo, a yi yaɓe da makuba kamar yadda iyayenmu suke yi, a duba shi kowace shekara kafin ruwan fari. Shafen siminti a kan ɗanyen bangon ƙasa yakan ɓamɓare, ya ɓoye danshi da gara a bayansa. Ruwan rufin kwano kuwa a tare shi. Rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, a inda ake samun ruwan sama milimita 1,000 a shekara, yana zubar da lita 50,000, watau kusan duro 250. In ba a tara shi ba, shi ne zai ci gindin bango, ya fara kwazazzabo a kan hanya.

GININ ƘASA BA ABIN KUNYA BA NE

Mun sani samari da yawa suna ganin gidan ƙasa alamar talauci ne, har waɗansu suna jinkirta aure ko su ci bashi saboda bulon siminti. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, wani ɗan ƙauyen mai suna Francis Kéré, wanda ya koyi zanen gine-gine a Jamus, ya dawo ya tara mutanensa suka gina makarantar firamare da bulon ƙasa mai ɗan siminti. An gama ta a 2001. Ya ɗaga rufin kwano sama da silin domin iska ta ratsa ta kwashe zafi. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a aikin zanen gini, shi ne ɗan Afirka na fari da ya same ta.

A Cikal ta Jamhuriyar Nijar kuma, a 1980 aka fara gwada rufin tubali zalla, mai baka da ƙubba, ba azara ko ɗaya. Dabarar ta fito daga Nubiya, a kudancin Masar, kuma an koya wa magina da yawa a Nijar da Mali da Burkina Faso. Ta fi dacewa da wuraren da ruwan sama ba shi da yawa, kuma sai wanda aka koya wa sosai zai yi ta. Kada kowa ya gwada da ka.

Ko da wane irin abu aka yi gini, a sa tagogi suna duban juna, a shimfiɗa asabari ko zana a ƙarƙashin kwano, a dasa itacen inuwa ta yamma, ba dab da bango ba.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Ina iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a ƙauyenmu? Gidaje nawa ne ke ƙasa da wurin, kuma majami'armu da sitonmu suna ina?
2. Giginya nawa aka sare a ƙasarmu bara, nawa aka bari suka tashi?
3. Wa yake ɗiban yashi a rafinmu, da izinin wa?
4. Ruwan da ke fita daga gidajenmu, gonar wa yake shiga?
5. Wane aiki ɗaya za mu gama tare kafin ruwan fari?

Muna roƙon sakataren kowace ƙungiya ya rubuta amsoshin, ya ba malamin gona sa'ad da ya zo zagaye. A gayyaci dagaci da maƙwabtanmu Musulmi zuwa taron, gama rafi ɗaya muke sha, ambaliya kuma ba ta tambayar addinin mai gida. Ranar Lahadi kuma mu tuna da mutanen Ayetoro cikin addu'a, da dukan waɗanda ruwa ya raba da gidajensu.

Allah ya ba mu hikimar gini, ya kai mu damina lafiya. Amin.